Kaskon Turare a Motar Hajiya Kulu

Cikin shekara ashirin da ɗoriya da na yi ina gyaran esin mota a Gusau, ranar da ta ƙi fita raina ita ce ranar da na buge hannun wata dattijuwa sa'ar mahaifiyata a gaban jama'a. Da shugabannin ƙungiyarmu suka ce kowane tsohon hannu ya rubuta wa sababbin shiga abu ɗaya da aiki ya koya masa, ban tsaya dogon tunani ba. Wannan zan ba ku, kuma zan bi shi daki-daki, don ko wanda bai taɓa riƙe sifana ba ya gane.

Sunana Sahabi, mutumin Kwatarkwashi ne ni. A lokacin ina aiki a garejin Alhaji Mamman da ke Tudun Wada. Garejin yana da sashe uku: masu inji, masu wayarin, sai mu masu esi. Alhaji Mamman shi ne maigida, shi ke karɓar mota ya raba aiki, amma kowane sashe da shugabansa, kuma ƙa'idar wurin ita ce mota ba ta fita sai shugaban sashen ya ce ta fita. Ni ne shugaban masu esi. Lawali, abokina tun muna koyo, shi ne na masu wayarin. Ba yabon kai ba, a lokacin in esi ya gagari mutane, ko daga Bungudu ko daga Tsafe, wurina ake kawo shi.

Ranar Laraba ce, tsakiyar bazara, irin ranar da tun hantsi ƙarfe ba ya taɓuwa. Wajen ƙarfe tara da rabi wata doguwar mota mai kujera bakwai ta shigo gareji. Motar Hajiya Kulu ce, ƴar kasuwar hatsi daga Kucheri, tsohuwar mai hulɗa da Alhaji Mamman, mace mai baki da kwarjini wadda ko dillalai ke shakkarta. Direbanta Malam Ɗahiru, wani dattijo mai sanyin hali, shi ya tuƙo ta. Ɗiyarta da ke aure a Gusau ta yi haihuwar fari, an yi suna jiya, yarinya ta ci sunan Hajiyar. Yau za a tafi da mai jego da jaririya gida Kucheri wanka.

Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta ce, “Alhaji, ga mota nan, gas ɗinta ya ƙare, a ƙara mata. Sha biyu nika son in ɗauki ɗiyata. Ba ni sa jinjirar kwana takwas cikin wanga zahi babu sanyi.”

Alhaji Mamman ya dube ni. “Sahabi, ka ji. Ka ƙara mata gas maza, Hajiya na sauri.”

A nan zan ɗan tsaya, domin wannan maganar ta “gas ya ƙare” ita ce za ku fi ji a sana'ar nan har ku tsufa. Gas ɗin esi ba fetur ba ne, mota ba ta shan sa. Zagayawa yake yi cikin bututu a rufe: kwamfiresa ta matsa shi, kwandensa da ke gaban lagireto ta fitar da zafinsa, ya shiga wani ƙaramin abu mai kamar lagireto da ke ɓoye cikin dashbod, wanda muke kira ibafareta, a can ya yi sanyi fanka ta huro wa mutane, sannan ya koma. In ya ragu, to akwai inda ya bi ya fita. Wanda ya ƙara gas bai nemo wannan wurin ba, bai yi gyara ba, ya dai sallami mai mota ne zuwa wani sati.

Saboda haka na bi tsarina. Na ɗaga bonet, na duba bel yana nan da ƙarfinsa, fiyus lafiya, fankar gaba tana juyawa. Na bi bututai da ido da yatsa ina neman danshin mai, domin inda gas ya tsere yakan bar sawun mai, ban ga komai ba. Na sa Malam Ɗahiru ya tada mota ya kunna esi. Kwamfiresa ta kama, ta saki, ta sake kamawa, ta saki, alamar abin da ke ciki bai ishe ta ba. Ya kashe mota, ya fito, ya rufe ƙofa. Gilasai duk a rufe suke tun isowarsu.

Sai na ɗauko geji. Geji agogo biyu ne da tiyo, shuɗi na ɓangaren ƙaramin matsi, ja na babban matsi, su ke gaya mana abin da ke cikin bututu. Ina ɗaura tiyon shuɗi, ɗan gas ya tsirto, tsit, kamar yadda ya saba. Allurar ta nuna gas ya yi ƙasa, daidai da abin da Hajiya ta faɗa. Da geji kawai na bi, da na buɗe tukunyata ta gas na cika mata. Amma hancina ya ƙi. Gas ɗinmu na mota kusan ba shi da wari. Wannan kuwa wari gare shi, irin warin da kake ji a kicin in an bar kan risho mai gas a buɗe. Na sake danna bakin bututun kaɗan na shinshina. Babu tantama, gas ɗin girki ne a cikin motar nan.

Ban so in kunyata Malam Ɗahiru gaban uwar ɗakinsa ba, sai na ja shi bayan shago, gindin darbejiya.

“Malam Ɗahiru, don Allah gaya mini gaskiya. Wa yas sa ma motar ga gas na ƙarshe?”

Ya sosa ƙeya. “Wani mai gyaran firji na, can bakin hanya kahin a shiga Tsafe. Sati ukku ke nan. Munka taso kasuwa esi ya ɗauke, Hajiya tac ce in nemi inda za a sa gas. Nic ce mishi na mota nika so, yac ce gas gas na, duk sanyi ɗai suka yi. Ya ɗauko tukunya irin ta girki ya ɗura mata. Kuma wallahi ta yi sanyi, Sahabi, har Hajiya sai da ta ja mayahi.”

Ban yi musu ba, don gaskiya ya faɗa. Gas ɗin girki yana sanyi, yana ma yi sosai, kuma wannan ne sharrinsa, ba mai zarginsa. Abin da ya dame ni shi ne ban ga inda yake fita ta wajen inji ba. In ba ta waje yake fita ba, saura wuri ɗaya: ibafareta, can cikin dashbod.

“Ba ka jin wani wari cikin mota?”

“Akwai wani wari-wari haka, kamar ɓera ya mutu. Mun ɗaga kujeru mun dudduba, ba mu ga komi ba. Shi yas sa Hajiya taƙ ƙara yawan turare. Kullum za mu hita sai ta aje kasko da garwashi nan wurin sa ƙahwa na kujerar gaba, ta ruhe gilasai, mota ta turaru.”

Wurin sa ƙafa na kujerar gaba, daidai ƙarƙashin ibafareta ke nan. Gas ɗin girki kuwa ya fi iska nauyi, in ya fito ƙasa yake kwanciya, ya taru. Ga shi yanzu na sa an kunna esi, matsi ya ƙara tura shi ta ɓular, mota kuma a rufe cikin rana. Kuskurena a nan yake, kuma ba na ɓoye shi: tun da na ji warin nan, kafin in yi magana da kowa, ya kamata in buɗe ƙofofin motar duka. Na tsaya kare mutuncin direba, na bar mota a rufe.

Ina juyawa na hango Hajiya Kulu. Ashe da ta ga zaman ya yi yawa, sai ta ce bari ta rage aiki. Ta je wurin mai shayin bakin gareji ta karɓo garwashi a kaskonta, ta zuba turaren wuta, hayaƙi yana tashi. Ta riga ta iso motar, hannunta na hagu a kan mariƙin ƙofar gaba, na dama riƙe da kasko.

Na ƙwalla mata kira, injin walda na maƙwabcinmu yana ƙara, ba ta ji ba. Ban san lokacin da na tsallake wata taya da gwangwanin mai ba. Ta buɗe ƙofa ke nan tana sunkuyawa, na iso na kai wa hannunta duka ta baya. Kasko ya yi sama ya faɗi can tsakar gareji, bakinsa ya ɓare, garwashi ya watse a ƙasa. Ɗaya ya sauka a bayan hannunta, ɗaya ya huda mata mayafi.

Kowa a gareji ya juyo yana kallonmu. Har mai walda ya kashe injinsa.

Hajiya ta ɗago ta dube ni sama da ƙasa. “Kai! Ni kab buga? Ɗan wa na kai? Na haihi wanda yag girme ka!” Ta wanke ni tas, ta haɗa har da wanda ya koya mini aiki. Alhaji Mamman ya fito daga ofis hula a karkace.

“Sahabi, haukacewa kay yi? Durƙusa ka ba Hajiya haƙuri, ka sa mata gas ta tahi, in yaso ni da kai mu yi magana.”

Na durƙusa, don durƙuso kam ya zama dole, na ɗaga hannu ga uwa. Kunya ta kama ni har cikin ƙashi, kuma har yau in na tuna ƙarar dukan nan sai na ji ba daɗi. Amma tsoron da na ji ya fi kunyar. Na ce, “Inna, ki yi haƙuri da ƙunar hannunki. Amma wallahi ko yanzu kinka sake nuho motar ga da wuta, sai in sake bugewa. Kuma Alhaji, motar ga ba ta hita yau.”

Alhaji Mamman ya sha toka. “Garejinka na ko nawa?”

“Naka na. Ƙa'idar ma kai kas sa ta. Minti biyar nika roƙo, in ban nuna muku dalili ba, in aje maka makullin shago.”

Na sa Lawali ya buɗe ƙofofin motar duka har da but na baya, aka kwara wa garwashin ruwa. Na haɗa ruwan sabulu a kwano biyu. A na farko na tsoma bakin tiyon tukunyata, gas ɗin mota na gaskiya, na saki kaɗan ya yi kumfa. A na biyu na saki na cikin motar Hajiya. Na ɗauki kwanukan na kai can gindin darbejiya, nesa da kowace mota, na kunna wuta a kan dogon kara. Na kai karan kan kumfar farko, ta fashe kawai, ba abin da ya faru. Na kai kan ta biyu. Wuta ta tashi fuu, ta kai ƙugun mutum, sai da Alhaji Mamman ya ja da baya ya taka ƙafar mai shayi. Ku da kuke karantawa, kada wanda ya mai da wannan wasa, na yi ne sau ɗaya don mutane su gani da idonsu.

Na ce, “Inna, wanga cikin kwano ɗai na, abin da bai kai cokali ba. Sauran shina cikin motarki, shina zuba daidai inda kike aje kasko. Warin ɓeran da kuka ji, shi na.”

Hajiya Kulu ta nemi benci ta zauna, tana kallon kwanon. Can ta yi salati a hankali, ta ce, “Jiya ma na sa. Shekaranjiya na sa. Yau kuwa cewa nay yi ba ni hidda kaskon, in bar shi ciki har Kucheri, saboda mai jego.” Sai ta rufe fuska da mayafin nan mai huda. Wannan mata da dillalan hatsi ke tsoro, na ga kafaɗunta suna rawa. Ni ma sai a lokacin na ga abin sosai: mota a rufe, tana gudu a hanyar Tsafe, garwashi a ƙasa, jinjira a cinyar uwarta.

Alhaji Mamman ya gyara hularsa. Abin da ya ce kawai shi ne, “Mi kake buƙata?” Na gaya masa, ya hau babur da kansa ya tafi kasuwar kayan mota.

Ga yadda muka yi aikin. Bayan iska ta ratsa motar sosai, muka tura ta da hannu zuwa filin bayan gareji, ba mu tada ta ba. Lawali ya cire kan batir. Na roƙi mai walda da mai shayi su dakata da wuta. Na ɗaura dogon tiyo na kai bakinsa nesa, inda iska ke kaɗawa, na saki gas ɗin kaɗan-kaɗan har ya ƙare. Sannan ni da Lawali muka kwance dashbod gaba ɗaya, aikin da ba a yi masa gaggawa, don kowace waya da kowane noti sai ka san inda ka ajiye shi. Da muka fito da ibafareta, gefenta na ƙasa ya yi baƙi da mai da datti. Na toshe bakinta, na hura mata iskar naitirojin, na tsoma ta a ruwa, sai ga kumfa tana fitowa daga wata ƴar ɓula da ba ta kai kan allura ba. Ruɓewa ta yi, kuma ita ce ta zubar da gas ɗin asali tun farko. Mai gyaran firji bai neme ta ba, ya ɗura nasa a kai.

Alhaji ya dawo da wata ibafareta mai kyau. Ita ma sai da na gwada ta a ruwa kafin in ɗaura, don ba na kwance dashbod sau biyu. Na wanke bututai, na zubar da tsohon man kwamfiresa da ya sha warin gas, na sa sabo daidai gwargwado. Na canza diraya, wato abin da ke tsotse danshi a cikin layin, da duk zobban roba na mahaɗai. Daga nan na ɗaura injin zuƙa, wanda muke kira bakyum, ya yi fiye da rabin awa yana fitar da iska da danshi. Na kashe shi na rufe geji, na tafi na yi sallar la'asar. Na dawo allura ba ta motsa ba, ma'ana babu sauran ɓula. Sai a lokacin na ɗora tukunya a kan sikeli na sa gas da awo, daidai abin da aka rubuta a takardar da ke manne ƙarƙashin bonet. Gas ba a sa shi da ido, kuma yawansa ba ya ƙara sanyi, kwamfiresa yake kashewa. Muka tada mota, kwamfiresa ta kama ta zauna, allurai suka tsaya inda ya kamata, iska ta fito mai sanyi har tana sa yatsa tsami.

Lokacin rana ta yi sanyi, kuma kowa ya san ba a son yamma ta riski mutum a hanyar Tsafe. Ina neman yadda zan gaya wa Hajiya, ita ta riga ni. Ta ce, “Gobe da sahe. Wanka bai ɓaci don kwana ɗaya.” Tun safe tana kan bencin nan ba ta tafi ba, ta shafa man shanu a ƙunar tana kallon aikinmu.

Abin da ranar ta koya mini bai da yawa, amma ya ishe ni. Geji yana gaya maka yawan abin da ke cikin bututu, ba ya gaya maka mene ne a ciki, don haka ku yi aiki da hanci kafin allura. Ku tambayi wanda ya taɓa mota kafin ku, kuma in kun ji abin da ba ku yarda da shi ba, ku buɗe ƙofofi tukuna, magana ta biyo baya. Sannan ku tambayi mutane abin da suke yi a cikin motarsu. Masu mota ba ƙarya suke mana ba. Hajiya Kulu ba ta ɓoye mini kasko ba, ba ta dai san yana da alaƙa da esi ba, kamar yadda ni ban san ana turara mota da garwashi a wurin sa ƙafa ba sai da na tambaya. Ita tsafta take yi da gata ga ɗiyarta. Sanin inda gatan zai zama wuta, wannan aikinmu ne, ba nata ba. Ranar da sanin nan ya ce ku tsaya, ku tsaya, ko da maigida ne ke cewa a tafi.

Washegari da sassafe ina buɗe shago, motar ta tsaya a bakin gareji. Ba hanyarsu ba ce, sun ratso ne. Malam Ɗahiru ya ɗaga mini hannu yana murmushi, mai jego tana baya a lulluɓe. Hajiya Kulu ta fito rungume da jaririya cikin tawul, bayan hannunta da ɗaurin ƙyalle. Ta miƙa mini ɓararren kaskon ta ce in ajiye, ita ta gama da shi a mota. Yana nan kan kantata har yau, a ciki nake zuba zobban roba.

Na sake durƙusawa zan ba ta haƙuri. Ta ce, “Tashi, bari wanga. Wane hannu na kab buge ni da shi?”

Na nuna mata na dama, duk baƙin mai. Na fara goge shi a jikin rigata.

“Bar shi haka nan,” in ji ta. “Miƙo shi.”

Ta ɗora mini jaririyar a kai, ta gyara mata tawul, ta sunkuya ta ce mata, “Takwara, buɗe ido ki ga wanda yad daki kakarki.”